Wa ya taɓa shiga tsakanin masu gaba saboda bangaskiyarsa?

Hannatu: Salama gare ku 'yan'uwa. Yayyena maza biyu sun daina magana da juna kan gadon mahaifinmu, kowa yana so in goyi bayansa. Na san Matiyu 5:9 ta ce masu kawo salama za a kira su 'ya'yan Allah, amma a aikace yaya ake yi? Ba wa'azi nake nema ba, ina son jin waɗanda abin ya taɓa faɗo wa.

Baba Dattijo: 'Yata, kada ki yi saurin haɗa su wuri ɗaya. Na sha shiga irin wannan a ikkilisiya, kuma hanyar Matiyu 18:15 ce ta fi yi mini aiki: a je wa mutum shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Wasu 'yan'uwa biyu da na taɓa zama da su, kowa ya ɗauka rigimar kuɗi ce. Da na bar ƙaramin ya yi ta magana ban katse shi ba, sai ga ainihin ciwon ya fito: wata kalma ce wansa ya yaɓa masa ranar jana'iza, a gaban matarsa. Kuɗin mayafi ne kawai. Abin da bangaskiya ta ba ni a nan shi ne ban je a matsayin alƙali ba. Hukunci na Ubangiji ne, ni nawa saurare, kamar yadda Yakubu 1:19 ta koyar. Mutumin da ya gane ba ka zo kayar da shi ba, shi da kansa yake sauko.

Mama Rifkatu: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Dangin majinyaci kan taso mana da faɗa, kuma yawanci tsoro ne ke cin su. Kafin in buɗe baki nakan yi gajeriyar addu'a a zuci, in sassauta murya. Karin Magana 15:1, wadda ta ce amsa mai taushi takan kwantar da fushi, ba ta taɓa ba ni kunya ba a bakin gadon mara lafiya.

Iliya: Ku gafarce ni iyayena, akwai gyara. Na ga yadda ake amfani da "a yi haƙuri, a gafarta" don toshe bakin wanda aka zalunta. Wata 'yar'uwa mijinta yana dukanta, aka yi ta mayar da ita da sunan sulhu, shi kuwa ba wanda ya tsawata masa. Wannan ba salama ba ce, shiru ne. Zakka, mai karɓar harajin nan na cikin Littafi Mai Tsarki, da ya tuba, alkawari ya yi zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Hukumar Gaskiya da Sulhu ta Afirka ta Kudu ma, wadda Akbishop Desmond Tutu ya jagoranta, da ta fara zama a 1996, ba ta yi wa mai laifi afuwa sai ya bayyana duk abin da ya aikata. Hannatu, in ɗayansu ya ci haƙƙin ɗan'uwansa, a faɗa masa.

Saratu: Nawa bai yi nasara ba. Maƙwabciyata har yau ba ta amsa gaisuwata, ni kuma ban fasa gaishe ta ba. Romawa 12:18 ce ta sauke mini nauyin, domin Manzo Bulus cewa ya yi ka yi zaman lafiya da kowa in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunka. Yaranmu dai sun koma wasa tare.

Hannatu: Na gode ƙwarai. Baba, da wa zan fara, babban ko ƙaramin?

Baba Dattijo: Fara da wanda ya fi jin an cuce shi. Kada ki kai masa saƙon kowa, kada kuma abin da ya faɗa miki ya isa kunnen ɗayan sai da izininsa. Maganar Iliya tana kan hanya: in akwai haƙƙin da aka danne, ki nemi wani babba da dukansu suke jin nauyinsa ya zauna tare da ku.