Token ɗin ntfy yana ta ba ni 403, a taimaka

ɗan_kasuwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗora ntfy, manhajar tura sanarwa zuwa waya, da Docker (mai gudanar da manhaja cikin kwantena) a kan VPS, wato sabar haya, nginx a gaba yana karɓar buƙatu, don na'urar awon batirin sola ta shagonmu ta riƙa turo mana sanarwa. Oga ya ce kafin Litinin, ga shi kuɗin sabar daga aljihuna na biya. Na sa auth-default-access: deny-all don hana duk wanda ba a ba izini ba, na buɗe asusu mai suna sola, na yi ntfy token add sola, token ɗin, wato mabuɗin shiga asusun, ya fito da tk_ a farkonsa. Amma in na gwada tura saƙo da curl kullum 403, wato an hana ni izini. Ko na tura da asusun admin, wayata ba ta ƙara sai na buɗe manhajar.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Token ɗinka lafiyarsa ƙalau, da shi ne ya lalace 401 za ka gani, wato sabar ba ta gane ka ba. Token ba shi da izinin kansa, na mai asusun yake ɗauka, kai kuwa ba ka ba sola komai ba. Yi ntfy access sola batir wo, wato ka ba sola izinin turawa kawai a tasha mai suna batir. Wayar kuma, in Android ce, sabarka ba ta bi ta Firebase, hanyar tura sanarwa ta Google, manhajar ce ke riƙe haɗin da kanta. Cire ta daga tsimin batir. A nginx sa proxy_buffering off da proxy_read_timeout 3m.

mai_waya: Malam, mai da sola admin kawai ka huta: ntfy user change-role sola admin.

Injiniya: A'a! Duk wanda ya zare token daga na'urar shago ya mallaki dukkan tashoshinka ke nan.

Hajiya_Linux: Ku masu Docker ba kwa jin magana. In auth-file, fayil ɗin asusu, ba ya cikin volume, wato ma'ajiyar da ke wajen kwantena, ranar da ka sake gina kwantenar asusu da token duk sun tafi. Nuna mana server.yml, fayil ɗin saitinka.

ɗan_kasuwa: Hajiya, Docker ɗin na iya, ba zan canza ba. Kuma oga iPhone gare shi.

Injiniya: To dole upstream-base-url: "https://ntfy.sh", kuma base-url, adireshin sabarka, ya zama daidai da adireshin da ke cikin manhajar. In ba haka ba sanarwa sai ta yi jinkiri sosai.

ɗan_kasuwa: Ai don kada saƙonmu ya bi ta sabar wani na kafa tawa.

Injiniya: Abin da ke cikin saƙon ba ya zuwa can, lambar shaidarsa ce da sunan tasha a rikiɗe.

ɗan_kasuwa: Zan yi tunani. Na yi access ɗin, har yanzu 403.

Hajiya_Linux: Wane sunan tasha ka sa a curl? server.yml ɗin fa?