Jaririyata ba ta koma daidai ba tun bayan hatsarin mota

Assalamu alaikum. 'Yata mai wata 10 tana cikin motar da muka yi hatsari da ita. Likita ya duba ta, ya ce babu karaya kuma babu rauni a kai, amma tun daga ranar ƙarar rufe ƙofa kaɗai kan sa ta zabura ta sandare, sannan ta fashe da kukan da ba ya jin lallashi. Tana farkawa cikin dare a firgice, ta daina gwarancin da ta saba, kuma da zarar an shiga mota sai ta ƙanƙame ni tana banƙarewa.

Na yawaita goya ta, na rage hayaniya, na tsayar mata da lokacin barci, amma sauƙin kaɗan ne. 'Yan uwa suna cewa jariri ba ya tuna komai, abin da nake gani kuwa ya saɓa wa hakan. Ni ma har yanzu gabana yana faɗuwa, kuma na lura cewa idan jikina yana rawa kukanta ƙaruwa yake yi.

Shin in ci gaba da lallashi a gida, ko lokaci ya yi da za mu ga ƙwararren da ke duba uwa da jariri tare?