Kaciyar ɗana: wanzami ko likita? Ku ba ni shawara

Maman Abba: Salama alaikum. Ɗana shekararsa 6. Surukina a Tibiri ya ce da ɗari ya shigo za a haɗa shi da yaran dangi a yi musu kaciya wajen wanzamin gidan, wanda mahaifinsa ya yi wa maigidana. Maigidan yana Agadas, waya sai ya ga dama. Tun aurena ake kirana 'yar birni, haihuwar da na yi a likita ma sai da ta zama magana, uwar miji ko suna ba ta zo ba. Yaron kuma in ya yanke jini na daɗewa bai tsaya ba. Yaya zan yi?

Baban Ummi: Hajiya, ki kwantar da hankali. Kaciya na cikin abubuwa 5 na fiɗira a hadisin Bukhari da Muslim. Annabi Ibrahim yana da shekara 80 ya yi. Mu Malikiyya sunna ce mai ƙarfi, Shafi'iyya suka ce wajibi. Wanzami ya yi mana duka, aska da garin bagaruwa, ga mu da jikoki. Ki bi manya.

'Yar Bagalam: Bin manyan nan ya sa aka cire wa ɗiyata beli ina wanka, ba wanda ya tambaye ni. Har yau ban yafe wa kishiyata ba.

Wata ma'aikaciyar lafiya: Kaciyar ba ita ce matsala ba, amfaninta sananne ne. Tun 2007 hukumar lafiya ta duniya ta amince tana rage wa namiji haɗarin kamuwa da sida da wajen kashi 60 cikin 100. Jinin nan ya tsaya mini a rai. Akwai ciwon rashin daskarewar jini da ɗa namiji ke gada ta wajen uwa. A yi masa gwaji kafin aska ta taɓa shi. Cikin 'yan uwanki maza akwai mai irin haka?

Maman Abba: Yayana ya sha wuya lokacin tasa, amma an ce baki ne. Dangina lafiyarsu lau, kar a ɗora mana ciwo, dama neman abin faɗa suke.

Baban Ummi: Kin ji ko, baki ne. A yi masa rubutu ya sha. Turawa ne ke rikita mutane, a 2012 wata kotu a Jamus ta ce kaciya laifi ce.

Ɗan Sabon Gari: Malam, a shekarar majalisarsu ta yi dokar da ta halatta ta. A Nijar ma ta mata aka hana tun 2003. Yaya, ki kai shi likita shiru, in an gama su yi faɗansu.

Maman Abba: Shiru? Ka san surukina kuwa? Aurena kake so ya mutu?

Wata ma'aikaciyar lafiya: To gwajin fa?

Maman Abba: Sai babansa ya kira tukuna. Wa ya san nawa ake biya?