Neman kalma: me za mu kira ensemble da social anxiety a wasan daɓe?

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ga bayanin wani wasan daɓe da ake son mayarwa Hausa, irin wanda ake haɗa magana da waƙa da rawa, dandali cike da 'yan wasa. Jigonsa mutumin da zuciyarsa ke dukan uku-uku da zarar ya shiga taro. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya: ensemble da social anxiety. Na sa "'yan amshi" da "kunya", amma raina bai kwanta ba.

Malamar rawa: Wa alaikumus salam. Malam, cire 'yan amshi. Ɗan amshi jiran jagora yake, a ba shi ya karɓa. Kalmar ensemble Bafaranshiya ce, ma'anarta "tare". 'Yan wasan da ake kira haka su ne ke rera waƙa a murya huɗu, biyu na mata biyu na maza, kowane da ta sama da ta ƙasa. Su yi rawa, su fito a ɗalibai yanzu, an jima su koma fasinjoji, wani lokaci ma su ke tura kujeru a sauya fage. Kowa da layinsa a rubuce: ƙofar da zai shigo, alamar da zai tsaya a kai, da inda zai ɗaga hannu a ƙirgen takwas-takwas na rawa. Ni dai na ba da "'yan gayya".

Mai nazarin harshe: Malama, gayya ta yi daɗin baki, sai dai tana da ƙaya. "Ya yi da gayya" na nufin ya yi don ya ƙuntata wa wani. Me zai hana "tawaga" ko "ayari"?

Malamar rawa: Tawaga aikenta ake yi, ayari kuma tafiya yake, da madugu a gaba. Nan kuwa abin da ake nufi aiki ɗaya ne hannu da yawa, wanda in mutum guda ya makara da rabin ƙirge, na kujerar baya ma zai gani. Ba wanda zai ji "'yan gayya" ya kawo mugunta a ransa; sai an sa "da" a gaba ma'anar ke juyawa. Kuma tana ɗaukar ma'ana ta biyu: wasan da ba a gina shi kan tauraro ɗaya ba, an raba nauyi tsakanin kowa, a ce masa "wasan gayya".

Mai nazarin harshe: Na sallama wannan. Ta biyun ce mai wuya.

Likitan ƙwaƙwalwa: Kunya dai ba ta shiga ko kusa. Kunya yabo ce, mai ita kuma yana cin abinci a gaban mutane, yana amsa waya, yana zuwa aiki. Wanda muke magana tsoronsa guda ne: ana kallonsa, ana auna shi, za a ga gazawarsa. Sai bugun zuciya, gumi, rawar hannu, bushewar baki, murya ta shaƙe. Kafin taro ya yi kwanaki yana saƙa da warwara, bayan taro ya yi ta bitar abin da ya faɗa. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya shigar da wannan yanayin a 1980, kuma bugun 2013 ya ce sai abin ya kai wata 6 ko fiye, yana hana karatu ko aiki ko hulɗa, kafin a kira shi ciwo. Kada kuma a taɓa "damuwa", an riga an ba wani ciwon ita.

Mai fassara: To "tsoron mutane" fa, Likita? Ko "tsarguwa"?

Likitan ƙwaƙwalwa: Mai tsoron mutane cuta yake gudu, a buge shi ko a ƙwace masa. Tsarguwa ta fi kusa, don ta kama tunanin nan na "da ni ake". Illarta, mai ji zai ɗauka akwai laifin da aka ɓoye. Kuma tsoro na abin da ke gabanka ne, wannan kuwa tun abin bai zo ba yake ci. Saboda haka "fargaba". Fargabar me? Ido. "Fargabar idon jama'a". In ta cika sharuɗɗan can, a ƙara "ciwon" a gaba.

Malamar rawa: Madalla, Likita, don a dandali ma idon ake nunawa. A ce 'yan gayya goma sha biyu suna ta hirarsu, jarumi ya shigo. A ƙirge na ɗaya duk su juyo da kai lokaci guda, su daskare. Ganga ta fara a hankali kamar zuciyar mai hutu, bugu 70 a minti, ta yi ta hawa har 130. Su kewaye shi, da'irar na matsewa taku ɗaya duk ƙirge takwas, suna maimaita kalmarsa ta ƙarshe da raɗa, wannan na bin wancan. Shi kuma a sa shi ya riƙa makara da rabin ƙirge. Wurin da ake ɓata abin biyu ne. In ba a sauya fitila ba lokacin da suka juyo, 'yan kallo za su zaci da gaske ake yi masa ba'a, wasan ya koma na cin zali, alhali a kansa abin ke faruwa. Sai fitilar ta dawo, a ga kowa na hirarsa, ba wanda ya ko lura da shi. Na biyu, murya goma sha biyu na danne ɗaya, dole mai na'urar sauti ya rage nasu. Kada kuma a ba jarumi dogon baiti daf da rawa mai tsalle, numfashi ba zai kai ba.

Mai fassara: Na gode, malamai. Na rubuta "wasan gayya na waƙa da rawa a kan fargabar idon jama'a". Saura ɗaya: wanda ba ya hawa dandali kullum, amma ya haddace layin mutum huɗu ko biyar saboda ranar da wani ya kwanta ciwo.

Mai nazarin harshe: Wannan ai ba sai an nema ba, Malam. Ɗan ko-ta-kwana.