Hawan jini ne ke cinye siraran jijiyoyin tsoka, ko rashinsu ne ke kawo shi?

Bashir: Jama'a yau a aji malamin fisiyoloji, wato ilimin yadda jiki ke aiki, ya ce wai hawan jini har tsokar ƙafa yake taɓawa, siraran jijiyoyin da ke kai mata jini sai su yi ta raguwa, kuma hujjarsa duk ɓeraye ne. Ni fa wlh ban gamsu ba. Zuciya na yarda, ƙoda na yarda, shanyewar ɓarin jiki mun gani da ido, amma tsoka? Kuma ɓera?

Zainab: Kai Bashir ba ɓeran kicin ɗinku ba ne fa. Wani jinsi ne da ake kira SHR, masu bincike Okamoto da Aoki suka samar da shi a Kyoto ta Japan a 1963, sun yi ta haɗa masu hawan jini da junansu har ya zama gado, wanda ya girma a cikinsu jininsa na sama yana kai 180 zuwa 200 ba tare da an ba shi komai ba. A 1982 wani mai bincike Prewitt da abokansa suka duba tsokar cinyar ɓerayen, da farko jijiyoyin suna nan amma a rufe jini ba ya bi, da tafiya ta yi nisa sai su ɓace ɗungurungum.

Aminu: Malama Zainab ɓacewar kam ba musu, inda muka rabu shi ne wa ya riga wa. In ka toshe rabin famfunan unguwa ai ruwan da ke cikin bututu ƙarfi zai ƙara, haka ma in jijiyoyi suka ragu jini zai hau. A Landan an leƙa fatar yatsun mutanen da iyayensu ke da hawan jini su kuwa nasu lafiya lau, aka tarar jijiyoyin sun riga sun ragu. To ina hawan jinin da ya cinye su?

Zainab: To ɓerayen da aka matse wa jijiyar ƙoda da gangan fa? Lafiyarsu ƙalau kafin aikin, jini ya hau, daga baya jijiyoyin tsoka suka ragu. Nan kam ba gado.

Usman: Ni abin da ke damuna awon ne. Na yi firojet da ɓeraye, sai ka cusa shi cikin wani bututun roba ka ɗumama shi tukun ka ɗaura masa ɗan zobe a wutsiya, ga shi a tsorace yana ta mutsu-mutsu, ka auna sau biyar ka samu lamba biyar daban. Ni kaina a yi min haka jinina sai ya hau 😂

Aminu: Shi ya sa ake saba musu da bututun kwanaki kafin a fara rubuta lamba ɗan'uwa, kai dai gaggawa ka yi.

Zainab: Kuma a Sao Paulo ta Brazil an ɗora SHR kan injin gudu na makonni, jijiyoyin tsokar da ke aiki suka ƙaru jinin ma ya ɗan sauka.

Aminu: Ai wannan hujjata ce kika kawo min, hanyoyi sun ƙaru jini ya sauka.

Bashir: To tsokar na janye. Ɓeran ne har yanzu da sauran magana, shi gadonsa iri ɗaya abincinsa iri ɗaya, babana kuwa shekara 62 ga gishiri ga sukari ga tunanin kuɗin makarantarmu.