Don Allah ku taimaka min da jawabin tunawa da kakar matata

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Kwana goma sha biyu ke nan ina riƙe da biro, na kasa rubuta ko layi ɗaya.

Kakar matata ta rasu a birnin Kharkiv na ƙasar Yukiren tana da shekara 94. Babusiya muke ce mata, wato kaka a harshen Yukiren. Danginta za su taru ranar arba'in, kamar yadda mabiya cocin Orthodox suke yi, kuma sun ce ni surukinsu in yi magana ta minti uku ta waya.

Minti uku fa! Matar da tana goye aka shiga yunwar Holodomor ta 1932 zuwa 1933, ta ga sojojin Jamus sun mamaye garinsu a 1941, sannan a 2022, saboda hare-haren Rasha, ta kwana a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa tana lulluɓe tattaɓa-kunnenta da bargonta. Har ta bar duniya ba ta taɓa zubar da ɓurɓushin burodi ba, tattarawa take yi a tafin hannu ta ci. Lokacin da nake karatun likita a can, tukunya daban ta saya don dafa min miyar borsh ba naman alade, ba tare da na roƙa ba. Duk sanda na tuna tukunyar nan sai hawaye.

Inda na maƙale ke nan: in bi tarihinta shekara-shekara, ko in tsaya kan tukunyar kawai? Sannan malamai, wane lafazin ta'aziyya ya dace da ni Musulmi, wanda zai sanyaya musu zuciya? Saura kwana tara.