Ɗaukar hoton jemagun hamada da dare: me kuka gani a wurin aiki?

Ɗalibi a Tucson, jihar Arizona ta Amurka: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa aiki da na'urar da ke sa kyamara ɗaukar hoto idan dabba ta gitta hasken infirared (hasken da ido ba ya gani) su ba mu labari. A hamadar Sonora, jemagu masu dogon hanci suna tahowa daga Meziko domin shan ruwan furen tsirran hamada irin su saguwaro da agabe, kuma a watannin Agusta da Satumba sukan shanye ruwan sukarin da ake rataya wa tsuntsaye a bayan gidaje. A nan nake kafa tawa na'urar, amma sau da yawa gefen fiffike kawai nake samu.

Mai ɗaukar hoto, Abuja: Wa alaikumus salam, ƙanena. Laifin na jinkirin kyamara ne, domin kafin ta buɗe idonta jemagen ya wuce. Ni ina barin idon a buɗe cikin duhu na tsawon daƙiƙa 30, sannan in haɗa na'urar da filashi kai tsaye. Idan ka rage ƙarfin filashin zuwa 1/16 ko ƙasa, walƙiyarsa takan gajarta ƙwarai har ta tsayar da bugun fiffike, sai ka cike raguwar hasken da filashi uku ko huɗu. Ka saita fokas da hannu tun da rana, daidai inda hasken infirared ɗin ya ratsa.

Jagoran baƙi, Agadez: Malam ya faɗi gaskiya. Na gwada a tafkin dutse na Timia, cikin tsaunukan Ayar, inda jemagu ke shan ruwa suna tashi ba tare da sun sauka ba. Abin da ya wahalar da ni ƙwari ne da ƙurar da iska ke kwasowa, waɗanda suka riƙa harba filashi har batir ya mutu kafin tsakar dare. Da na gicciya hasken infirared biyu, yadda sai an yanke su tare na'urar ke aiki, hotunan banza suka ragu sosai.

Malamar jami'a, Kano: Ina ƙara jan hankali ɗaya. Sai a 2018 Amurka ta cire wannan jemage mai dogon hanci na Sonora daga jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, saboda haka ban yarda da kafa filashi a bakin kogon da jemagu mata ke renon 'ya'ya ba. Ni a furen kuka nake aikina, kuma nakan kashe komai idan na ga sun fara kauce wa bishiyar.

Ɗalibi a Tucson: Na gode, Hajiya. Malam, tazara nawa kake bari tsakanin filashi da furen?